Jan idon yarona ya ƙi ƙarewa, ko daga ciki ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Yarona ɗan firamare ne, muna nan Jos, idonsa na hagu sai ya yi jajir ya lafa ya sake dawowa. Da farko mun ɗauka apolo ne, to amma ba kwantsa, ba kaikayi, kuma ba wanda ya ɗauka a gidan. Haske ne baya so sam, da rana sai ya dinga rufe idon da hannu yana cewa Mama zafi.

Abin da ya tada min hankali, duk sanda idon ya tashi cikinsa ma sai ya rikice, gudawa har da majina wani lokacin da jini, ga rama, wandon makarantarsa ma zamewa yake. An bashi maganin atini da na tsutsa, shiru.

Wata nas makwabciyarmu tace ciwon kumburin hanji irin su Crohn yana iya taɓa ido da gaɓoɓi, tace kuma in daina ɗiga masa maganin kemis mai sitiroid (sinadarin rage kumburi) don yana iya jawo hawan jinin ido. Na daina.

Yanzu wa zan fara gani, likitan ido ko na ciki? Gwajin bayan gida na kalprotektin (wanda ake duba kumburin hanji da shi) ana yinsa a Jos ko sai Abuja, kuma nawa ne? Wadda ɗanta ya taɓa irin wannan dan Allah ta min bayani.