Mata da Siyasa: Abin da Jama'a Suka Faɗa

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu kan shigar mata siyasa:

1. Kusan kowa ya yarda mata na cika layin zaɓe, amma da an zo rabon takara sai a manta da su.
2. An fi kokawa da tsadar takara, taron tsakar dare, da ɓata sunan macen da ta fito. Na ƙarshen nan ya fi ci mini rai, domin har mata 'yan uwanta na sa baki.
3. Kan ware wa mata kujeru aka rabu. Wasu sun kawo Ruwanda, inda tsarin mulkin 2003 ya ba mata aƙalla kashi 30 cikin ɗari na muƙaman yanke shawara, har suka haura rabin majalisar wakilai. Wasu suka ce a bar cancanta ta yi aiki.
4. Kaɗan sun dage mace ba za ta shiga siyasa ba sai da yardar miji.