Ajiyar Kayan Gida Idan Zafi Ya Tsananta

Da muka zauna tattauna ajiyar kaya lokacin zafi, batun magani ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Yawancin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, a duba jikin kwalin. Insulin, wato allurar masu ciwon sukari, da ba a buɗe ba kuwa sai firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma kada ya daskare. Abin da ya fi damuna shi ne zafi kan rage ƙarfin magani alhali kamanninsa ba su canja ba, mara lafiya yana ta sha bai sani ba.

Sai batir. Kada a bar waya ko kwamfuta a bakin taga ko cikin mota a rana, batirin kan kumbura har ya kama da wuta. Gwangwanin feshin sauro ma yana iya fashewa idan zafi ya haura digiri 50.

Tukunyar gas a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Wata daga cikinmu ta ƙara da cewa a raba hotuna da wurin da ke dab da rufi, domin sukan manne da juna.