Yaran da muka ɗauka riƙo bayan gudu: wane tallafi ne ya iske su?

Gwaggon yara, Damaturu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa riƙe yaron da rikici ya raba da iyayensa, ya ba mu labari: wane taimako ne ya iso ga yaron, ta wace hanya, ina kuma aka samu cikas. Don Allah abin da mutum ya gani da idonsa, ban da an ce an ce.

Bari in fara. Lokacin da Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Satumba na 2014, ƙanena da matarsa ba su fito ba. Maƙwabta ne suka fito da 'ya'yansu uku a ƙafa har Maiduguri, daga can aka kawo mini su. Babbar tana da shekara tara, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Ni kuma ina da nawa huɗu. Bayan kamar shekara biyu aka zo unguwarmu rubuta sunayen mabuƙata. Mai rubutun ya tambayi maigidana 'ya'yansa nawa, ya ce huɗu, don huɗun ne nasa. Ina daga ɗaki ina jin su, ban fito ba tunda baƙi maza ne. Kati ya fito da mutum shida, alhali mu tara ne a kan tukunya. Na yi ta kai da komo a gyara, aka ce sai an sake zagayowa. Har katin ya daina aiki ba a zagayo ba.

Ban ga laifin maigidana ba. Tambayar ce ta zo a karkace. Da cewa aka yi mutum nawa ke kwana a gidan nan, da marayun nan sun shiga.

Tsohon mai rubuta sunaye, Maiduguri

Wa alaikumus salam Gwaggo. Maganarki ta taɓa ni, domin na yi wannan aikin shekara uku da wata ƙungiya, kuma na san na bar yara a baya.

Ga yadda abin yake. Ana ba mu adadin gidajen da kuɗi zai iya ɗauka kafin ma mu shiga unguwa. Sai a zauna da bulama da dattawa su nuna gidajen da suka fi galabaita, mu bi su da waya muna cike tambayoyi: rufin ɗaki na mene ne, ina ake ɗebo ruwa, sau nawa aka ci abinci jiya, mutum nawa ne a gidan. A takarda tambayar daidai take, masu ci a tukunya ɗaya ake nufi. Amma idan kana da gida talatin a gabanka, rana tana dukanka, sai ka gajarta ta ka ce 'ya'yanka nawa. Na yi haka ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mini.

Akwai kuma tsoron aron yara. Wasu kan tattaro na maƙwabta ranar rubutu don kasonsu ya ƙaru, shi ya sa aka ja mana kunne mu yi hattara da duk yaron da ba na cikin gida ba. To ɗan riƙo na gaskiya da ɗan aro, a ido duk ɗaya ne. Wanda ya yi ƙarya ya janyo wa mai gaskiya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: yawancin waɗanda suka gudo ba sansani suka zauna ba, gidajen dangi da na bayin Allah suka shiga, kamar naki. A sansani akwai ƙofa, akwai lamba a kan tanti, ƙirge na da sauƙi. A cikin gari kuwa yaro ya narke cikin gida. Da gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri, irin su Bakassi a ƙarshen 2021, na san iyalan da suka koma garuruwansu, wasu suka bar yaransu a gari saboda makaranta. Suna yana can wurin uba, ciki yana nan wurin kawu.

Inna daga Gidan Runji, jihar Maraɗi

Sannunku. Ni nawa labari da ɗan sauƙi, shi ya sa nake so in faɗe shi.

Tun kafin tashin hankalin nan ya iso iyakarmu, garinmu ya shiga cikin shirin tallafin gwamnatin Nijar da ke ba mata jika goma na sefa kowane wata har shekara biyu. Mace ake ba a hannu, ba miji ba. Jika goma ba wani abu ba ne, amma mun san ranar zuwansa, kuma ranar ba ta tashi. Saboda mun sani, sai munka haɗa asusu mu goma sha biyar, kowa na zuba jika biyu. Da kwasata ta zo na sayi akuya mai ciki. Ana kuma tara mu kowane wata ana yi mana bayani kan shayarwa da wanke hannu da kai ɗiya awo likita.

Shekara biyu ta cika, kuɗi ya tsaya kamar yadda anka faɗa tun farko, babu wanda ya ji an yaudare shi. Sai 2019 ta zo, mutane sunka dinga kwararowa daga Sabon Birni da Isa suna gudun 'yan bindiga. Ƙanwata da ke aure can ta aiko mini ɗiyanta mata biyu, ita ta tsaya jinyar miji. Lokacin awakina sun kai bakwai. Da su na ci da yaran nan har daminar farko ta wuce: na sai da bunsuru na auno hatsi, na sai da wani na yi musu kayan lakkwal. Kafin masu rubuta 'yan gudun hijira su iso gare mu an yi watanni. Da su zan jira, ban san yadda za mu yi ba. Taimakon da ya cece su, shekaru kafin su zo anka ba ni shi.

Gwaggon yara, Damaturu

Allah sarki Inna. Wannan sanin rana da kika ambata shi ne muka rasa. Namu in ya zo wata biyu a jere sai ya yi ɓatan dabo wata huɗu. Ba ki isa ki shiga adashi da shi ba, mai shago ma ba ya ba ki bashi a kansa.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina

Ni a ɗakin masu tamowa nake aiki, don haka ƙarshen labarin nake gani.

Muna auna dantsen yaro da ɗan tef mai launi uku. Idan ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, wato yana cikin haɗari. In ba shi da wata cuta kuma yana iya ci, sai a ba uwar abincin gyaɗan nan na 'yar leda ta tafi gida, ta riƙa dawowa duk mako. Magani ne, na yaro ɗaya. Amma ki yi tunanin uwar da ta koma gida da shi, ga yara biyar suna kallon ɗaya yana lasa. Za ta raba. Wata ma za ta sayar da leda biyu ta sayo garin masara don kowa ya samu. Da ina yi musu faɗa sosai. Ranar da wata ta ce mini, Sista, in ciyar da ɗaya in binne huɗu? tun daga ranar na rage murya. Sai yaro ya warke a sallame shi, bayan wata biyu ya dawo ja, domin gidan da ya koma bai canja ba. Muna ɗinke ɓaraka ne, can kuma tana sake yagewa. Gidajen da na ga an haɗa musu maganin da ɗan kuɗin cefane, yaransu ba su cika dawowa ba.

Game da tambayarki Gwaggo, abin da na lura da shi shi ne ɗan riƙo ne ke zuwa a makare. Ba lallai don mugunta ba. Kakar da ke riƙe da shi ba ta da kuɗin mota, ko matar kawu tana da goyo nata, ko babu wanda ya san katin rigakafinsa ko shekarunsa. Sai mu duba haƙora mu ƙiyasta.

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, na ga mata da kuɗin tallafi a asusu amma babu tsaba a hannu, masu POS na yankar kaso mai tsoka kafin su ba ka naka. A 2025 kuma da ƙasashe masu bayarwa, musamman Amurka, suka janye hannu, kwalayen da ke zuwa mana suka ragu. Abin da ya rataya a kan alherin wani na nesa, ranar da ya juya baya yaranmu ne ke kwana da shi. Ina ganin dole jihohi su sa wannan cikin kasafinsu kamar albashi.

Alaramma, Gusau

Salamu alaikum. Ku kuna maganar yaron da aka manta a cikin gida. Ni nawa ko gidan ba su da shi a takarda.

Ina da almajirai sama da arba'in. A da iyaye kan aiko da buhun gero bayan kaka, da sabulu, da ɗan abin ɗinki, yaro kuma ya je gida da Sallah. Yanzu kusan rabinsu garuruwansu sun tashi. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, akwai yaran da daga lokacin ban sake jin muryar iyayensu ba. Ba zan kore su ba, ina za su? Masu rubutu sun zo unguwarmu sau biyu. Sun rubuta ni da iyalina, suka ce almajirai ba 'yan gida ba ne, za a ƙirga su a gidan iyayensu. Na ce gidan iyayensu kufai ne. Suka ce babu gurbin haka a waya.

Na ji an kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Fatana su fara da zagaya tsangayu su rubuta sunan kowane yaro da garinsu da sunan mahaifinsa. Mu malamai muna da wannan a ka, wasunmu a rubuce da ajami.

Baba mai ritaya, Potiskum

Ku yi haƙuri in kawo ɓangaren da ba a son ji. Sa sunan maraya a kati bai isa ba. Na san gidan da aka rubuta marayu biyu, kuɗinsu na zuwa, amma su ne masu tallar ruwan leda, 'ya'yan gida na makaranta. Mun san abin da Alƙur'ani ya ce game da masu cin dukiyar marayu, amma sani bai hana ba. Ya kamata a samu mai leƙowa, mace 'yar unguwa wadda ta san gidajen, ta ga yaron da idonta.

Malamar firamare, Mubi

Gaskiya ne Baba. Shi ya sa nake kewar ciyarwar makaranta. An fara ta a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro. Tana da matsalolinta, amma ita ce kaɗai tallafin da na gani yana shiga bakin yaro ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, kuma ba a tambayar ɗan wane ne kai. Akwai wata yarinya 'yar riƙo a ajina da ake barinta ta zo don kawai za ta ci a nan. Da aka dakatar da shirin a farkon 2024, sati uku ta ƙara, sai na gan ta da faranti a tasha.

Ɗan Baga, yanzu a Kano

Iyayena, na karanta duka, na ga ya kamata in yi magana, domin ni ne yaron da kuke faɗa.

Ina da shekara goma sha ɗaya 'yan Boko Haram suka shiga Baga a watan Janairu na 2015. Ta ruwa muka tsere, na rabu da mahaifiyata a gaɓa. Wata mata da ban taɓa gani ba ta ja hannuna cikin kwalekwale, ta ce wa masu rubutu a Bagasola, can ƙasar Chadi, ni ɗanta ne. Ƙarya ta yi, kuma ƙaryar ce ta sa na samu kason abinci da bargo a sansanin Darussalam. Bayan shekara ɗaya da wani abu masu neman dangi suka gano kawuna, aka dawo da ni.

A gidan kawu ban yi yunwa ba, Allah ya saka masa. Abin da ya dame ni takarda ce. Ba ni da takardar haihuwa, sakamakon firamarena ya ƙone da makarantar. Aka mayar da ni aji uku ina fin kowa tsawo. Da na zo rubuta jarrabawar shiga jami'a aka ce sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, ita kuma sai da shaidar shekaru. Kawu ya je kotu ya yi rantsuwa a kan ranar da shi ma ƙiyasi ya yi. Shekara guda na rasa a wannan. Duk mai riƙe da yaro, don Allah ya yi masa takardar haihuwa tun yana ƙarami, a rubuta sunan mahaifinsa na asali, a ɗauki hotonta a waya, a aika wa wani ɗan'uwa a wani gari ya ajiye.

Gwaggon yara, Damaturu

Ɗana, ka sa ni hawaye. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya saka wa matar nan da Aljanna.

Ka kuma tuna mini abin da na yi sakaci da shi. Babbar ta yi aure, na biyun yana koyon gyaran waya, amma ƙaramin har yau ba shi da takarda, ga shi ya kusa jarrabawa. Na san an haife shi da azumi, shekara ɗaya kafin su fito. Mai rubuta sunaye, kai da ka san kan ofisoshi, me da me zan riƙe in na tashi zuwa? Kuma ni gwaggonsa zan iya tsaya masa, ko sai namiji daga dangin uba? Ranar Litinin nake so in je, kafin a koma makaranta.