Oba-oba: yadda jami'an agaji a Damagaram za su ji juna

A hirarmu kan aikin ceto, baki ya fi zuwa ɗaya kan wannan: a ware tasha guda ta oba-oba da 'yan kwana-kwana, jandarmomi, 'yan sanda da motocin asibiti za su haɗu a kanta in gobara ko ambaliya ta auku. Mai kiran 17 (lambar 'yan sanda) da mai kiran 18 (lambar 'yan kwana-kwana) sau da yawa abu ɗaya suka gani.

Kafin sayen sababbin na'urori, a duba zangon da suke aiki a kai tukuna, ko VHF ne ko UHF, don rediyon VHF ba ya jin na UHF sai an sa na'urar da ke haɗa su. VHF ya fi nisa a fili, kamar hanyar Tanut. Wasu suka ce a kafa na'urar ƙara nisan magana bisa tudu, da hasken rana, saboda ɗaukewar wuta. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a yi atisaye tare kafin damina, a kuma bar kalmomin sirri a yi magana a fili.