Kakan mahaifiyata ɗan Ayilan ne, ya yi aikin kuza a Bukuru: bincikena ya cije, ta ina zan ɓullo?

Maman Zahra ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa bin diddigin dangi a ƙasar Ayilan.

Ni 'yar Bukuru ce, aikin jinya ya kawo ni birnin Cork na ƙasar Ayilan. Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ruwa biyu ne, duk unguwa da Ɗan Bature aka san shi. Mahaifinsa ya yi aiki a filayen kuza tsakanin Bukuru da Barikin Ladi a shekarun 1930. Da yaƙin Hitila ya ƙarato ya tafi gida, yaron yana goye, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwar ta yi aure, mijin ya riƙe yaron tamkar nasa, maganar kuma ta zama abin da ba a tayarwa a gidanmu.

Abin da ya rage mana hoto ne guda: dogon mutum cikin gajeren wando da doguwar safa, yana tsaye bakin wani kududdufin haƙa, leburori biyu a bayansa da kwanon kuza a ka. A bayan hoton an rubuta da fensir harafin J, sai sunan dangi, sai Cork. Ba zan sa sunan a nan ba saboda 'yan uwa, amma irin mai farawa da O' ɗin nan ne, wanda a garin nan ko'ina ka waiga sai ka gan shi a allon shago.

Na shiga ƙidayar 1901 da ta 1911 a intanet. Masu wannan suna da J a gundumar Cork sun fi ƙarfin lissafina: John, James, Jeremiah, Joseph, kowane ƙauye da nasa. Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar ta ce kada in wahalar da kaina, duk takardunsu sun ƙone a 1922. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, yaya zan ware nawa daga cikin wannan taro?

Baban Aisha, Dublin, ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Matata 'yar gundumar Mayo ce ta nan Ayilan, kuma saboda yaranmu na bi nata asalin har zuwa shekarun 1830, don haka na san wannan bangon.

Maganar gobara, abokiyar aikinki ta faɗi rabi ta bar rabi. Ranar 30 ga Yunin 1922, farkon yaƙin basasarsu, ma'adanar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a nan Dublin ta tashi da wuta. Ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 sun tafi sai 'yan gutsattsari, haka mafi yawan tsofaffin wasiyyoyi, da rajistocin cocin Angilika masu yawa. Na 1861 zuwa 1891 ma ba wuta ce ta ci su ba, gwamnati da kanta ta lalata su tun kafin nan. Asara ce babba, amma ba taki ba ce. Mutumin da yake da ƙarfin aikin kuza a 1935 ai wajen 1890 zuwa 1910 aka haife shi, kuma tun 1864 gwamnati ke rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa. Waɗannan littattafai a wani ofishin daban suke, wuta ba ta taɓa su ba. Suna nan kyauta a irishgenealogy.ie: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Takardar haihuwa za ta ba ki sunan uba da sana'arsa, da sunan gidan su uwar, da inda aka haihu. Ta aure tana ba da sunayen iyaye maza na ango da amarya. Tsohuwar takardar mutuwa kuwa ba ta faɗin iyaye ko kaɗan, kada ki sa rai a kanta.

Damuwarki ba rashin takarda ba ce, yawanta ne. Kuma abin da ke yanke wannan yawan guda ɗaya ne, shi ne abin da suke kira townland, wato ɗan yankin gonaki mai sunansa, wani bai wuce gidaje biyar ko goma ba. Sun haura dubu 60 a tsibirin. Da suna da gunduma kawai, babu inda za ki. Da suna da townland, a zama ɗaya sai ki ga gidan, da uban, da kakan.

Sannan ki yi hattara da kalmar Cork ɗin nan ta bayan hoto. Gunduma ce mafi girma a ƙasar, kuma daga tashar Cobh, wadda a da ake kira Queenstown, mutanen kudu da yawa suka hau jirgi. Ɗan gundumar Kerry mai maƙwabtaka da ita ma in ya je waje yana iya cewa daga Cork yake. In kuwa ɗan Cork ɗin ne da gaske, ni da zan fara leƙa yankin Beara can yamma, inda aka daɗe ana haƙar tagulla a Allihies. Da haƙar ta ja baya, mutanensu sun watsu zuwa ma'adinan duniya, musamman Butte a jihar Montana ta Amurka. Hasashe ne kawai, amma ɗan mahaƙi ya fi saurin bin ƙanshin kuza har Jos.

Wasu tarkuna da suka kama mutane da yawa: O' ɗin nan ana sa shi ana cire shi, mutum guda yau da shi gobe babu, sai ki nema ta fuska biyun. Shekaru kuma kada ki amince musu. Da aka fara biyan fanshon tsufa a 1909 ga 'yan shekara 70, tsofaffi da yawa suka tsufa da gaggawa. Surukar kakar matata tana da 52 a ƙidayar 1901, a ta 1911 ta zama 71. Rajistocin cocin Katolika kuwa, waɗanda Laburaren Ƙasa ya sa a intanet a 2015 kuma suka tsaya wajen 1880, da yawa da harshen Latin fada, wato limamin cocin, ya rubuta su: James ya koma Jacobus, John ya koma Joannes.

Abu ɗaya da zai yi miki daɗi: suna maimaita suna kamar mu. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, yadda gidajenmu suka cika da Abba da Ummi. Ba doka ba ce, amma takan raba gardama tsakanin gidaje biyu masu suna ɗaya.

Shawarata a taƙaice, ki fita daga Ayilan tukuna. Ki nemo shi a hanya, tsakanin Legas da Liverpool.

Tsohon Akawu, Kaduna, ya amsa:

'Yata, Baban Aisha ya gama magana, ni dai zan ƙara ta ɓangaren gida, don na yi shekaru ina shiga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna.

Turawan kuza ba ma'aikatan gwamnati ba ne, saboda haka kada ki ɓata lokaci a littafin jerin ma'aikatan mulki, sai fa in a Sashen Ma'adinai yake. Fayilolin lardin Filato, waɗanda aka yi wa laƙabin Jos Prof, su ne wurin dubawa: takardun izinin haƙa, rigingimun fili da sarakuna, rahoton haɗari in rami ya rufta da lebura, ƙarar da ma'aikaci ya kai manaja. A irin waɗannan ne cikakken sunan Bature ke fitowa da sa hannunsa. Gazet ɗin gwamnati ma tana buga sunayen masu lasisi. Ki sani kafin 1939, da aka haɗe wasu suka zama babban kamfanin kuza na ATMN, kamfanoni barkatai ne a Filato, har da masu haƙa don kansu. Sanin sansanin da ya zauna shi zai gaya miki kamfanin. Aikin na hannu ne, takardu sun tsufa, ki samu ɗalibin tarihi mai haƙuri ki biya shi.

Jiragen ruwa na kamfanin Elder Dempster, masu suna irin su Accra da Apapa da Abosso, su suka riƙa jigilar Turawa daga Liverpool zuwa Legas, daga nan jirgin ƙasa ta Kafanchan. Jerin fasinjojin da suka fita daga Birtaniya daga 1890 zuwa 1960 yana ma'adanar Kew a Landan, kuma an ɗora shi a shafukan intanet na Findmypast da Ancestry, har da na masu dawowa. Na shekarun 1930 yana da shekarun mutum, da sana'arsa, da adireshi. Ma'aikacin kuza yakan je hutu ya dawo, don haka ba sau ɗaya zai bayyana ba. Masu sunan da J a Cork ɗaruruwa ne, amma waɗanda suka sauka Legas a matsayin mahaƙa ba za su cika yatsun hannu ba.

Kafin duk wannan, akwai tsohuwa a danginku da ta san uwar kakanki? Ki same ta yau, takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Kada ki tambaye ta sunansa, ba ta riƙe ba. Ki tambaye ta sunan da leburori suka laƙaba masa, da wanda ya yi masa kuku, da helman da ke ƙarƙashinsa, da ko yana zuwa coci wajen fada. Kuma ki bi a hankali. Irin wannan zama tsakanin Bature da 'yar gari ba kullum da yardar mace aka yi shi ba, wataƙila shirun gidanku yana da dalili.

Ummu Khalil ta amsa:

Anti ki yi haƙuri da katsalandan, wannan binciken zai iya ba ki fasfon ƙasar?

Baban Aisha, Dublin, ya amsa:

Ummu Khalil, dokar ta tsaya a kan jika. Wanda aka haifi kakansa a tsibirin yana iya neman shiga rajistar waɗanda aka haifa a waje. Tattaɓa kunne ba ya samu sai in mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi rajistar kafin a haife shi. Wato mahaifiyar Maman Zahra ce a layi, ita ma sai da takardun haihuwa da suka haɗa ta da mutumin ɗaya bayan ɗaya. Hoto ba ya cikin abin da suke karɓa.

Maman Zahra ta dawo:

Na gode ƙwarai. Ummu Khalil, ba fasfo nake bi ba. Kullum ina jinyar tsofaffi masu wannan suna, in ina gyara wa wani filo sai in riƙa kallon hancinsa da kunnuwansa. So nake in daina zato.

Baba Akawu, na bi maganarka na kira Iya, ƙanwar kakana da suke uwa ɗaya, tana Barikin Ladi. Da farko ta ce me ya kai ni tonon tsohon rami. Da na bar ta ta huce, sai ga magana: a Dorowa ya zauna, ba Bukuru ba, yatsunsa biyu na hagu guntaye ne, kuma duk Lahadi sai ya hau babur ya tafi Jos wajen fada. Ta ce uwarsu ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta kuma taɓa yabonsa ba. Har da wata wasiƙa da ta zo bayan yaƙi da kuɗi a ciki, mijin uwar ya sa wani malamin makaranta ya karanta, sannan ya ajiye ta a adaka. Adakar tana gidan kawuna, na roƙe shi ya duba.

A jerin fasinjoji kuma na samu mutum biyu da suka dace, duka sun sauka Legas a shekarun 1930. Ɗaya James, injiniyan haƙa, adireshinsa a Cornwall ta Ingila. Ɗayan Jeremiah, an rubuta mahaƙi kawai, adireshin wani masauki a Liverpool, wanda bai gaya min komai ba. Yanzu wanne zan bi?

Baban Aisha, Dublin, ya amsa:

Duka biyun, amma kada ki ɗaura wa ko ɗaya rawani tukuna. Nan ne mutane ke zamewa, su kama wanda ya fi musu sauƙi su gina bishiya a kan kakan wasu.

James na Cornwall, mai yiwuwa ya yi makarantar haƙar ma'adinai ta Camborne, wadda ta tura mutane da yawa Filato. Ki neme shi a ƙidayar Ingila ta 1921, tana faɗin inda aka haifi mutum. Jeremiah kuwa ki bi shi a jerin masu dawowa, kowace tafiya da adireshin da ya bayar. Sau da yawa a ɗaya daga ciki mutum kan ba da gidan yayarsa ko ƙanwarsa, daga takardar aurenta kuma sai sunan ubansu ya fito. Ki duba rajistar 1939 ta Ingila ma, tunda lokacin ya bar Najeriya; tana da cikakkiyar ranar haihuwa.

Gwajin DNA shi zai raba su, amma ba naki ba. Ke kusan kashi ɗaya cikin takwas kika ɗauko daga gare shi, mahaifiyarki kusan ɗaya cikin huɗu, don haka nata ya fi ƙarfi. Kawunki kuma yana ɗauke da ƙwayar da ke bin maza zalla daga uba zuwa ɗa, wadda ke tafiya tare da sunan dangi. Jikokin 'yan Cork sun cika Amurka da Ostireliya, kuma suna yin gwajin nan sosai. Ki lura da townland ɗin da ya fi maimaituwa a bishiyoyin waɗanda jininsu ya haɗu da na Mama. In kin same shi, sai ki koma ƙidayar 1911, daga nan ki gangara zuwa kundin ƙimanta filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, ki ga wanda ke riƙe da gonar.

In kawu ya samo wasiƙar, ki ce ya ɗauki hoton ambulan ɗin gaba da baya kafin ya taɓa takardar ciki. Hatimin gidan waya nake so mu gani.