Irmiya 45: ina ta'aziyyar da aka yi wa Baruk?

Maman Rifkatu: Salama, 'yan'uwa. Irmiya 45 za mu nazarta a zumuntar mata. Baruk, magatakardan annabi Irmiya, ya ce ya gaji da nishi, bai sami hutawa ba, sai Ubangiji ya ce masa a aya ta 5 kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa. Wannan ai kamar tsawatawa ce. Ina ta'aziyyar, kuma ta ina zan fara koyarwa?

Malam Bitrus: Mama, ki fara da lokacin, ba aya ta 5 ba. Aya ta 1 ta ce shekara ta huɗu ta sarki Yehoyakim na Yahuza, wato 605 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da Nebukadnezzar na Babila ya fatattaki Masar a Karkemish. A shekarar Baruk ya rubuta maganar hukuncin da Irmiya ya faɗa masa. A karanta sura 36 tukuna: Baruk ya karanta littafin a Haikali, sarki ya yi ta yanka shi da wuƙa yana jefawa a wuta, ya sa a kama Baruk da Irmiya, Baruk kuma ya sake rubutawa daga farko. In an tsallake wannan, za a ɗauka mai gunaguni ne kawai.

Fasto Dauda: Ta'aziyyar tana aya ta 4. Ubangiji ya ce abin da ya gina da kansa yake rushewa, abin da ya dasa yake tumɓukewa. Bai ƙaryata gajiyar Baruk ba, ya maimaita masa kukansa, sannan ya nuna masa cewa baƙin cikin ba nasa kaɗai ba ne. Alkawarin kuma ɗaya ne tak: zai tsira da ransa duk inda ya je. Irinsa aka yi wa Ebed-melek, wanda ya fid da Irmiya daga rijiya, a 39:18. Roƙona, Mama, kada a mai da shi alkawarin arziki ko ƙarin girma. Akwai masu makoki a cikin masu sauraronki, za su ji an yi musu ƙarya.

Saratu: Ku kuma duba inda aka ajiye surar. Tana bayan sura 43, inda aka zargi Baruk da zuga Irmiya, aka tafi da su Tafanes ta Masar bayan faɗuwar Urushalima. Kafin mai karatu ya kai 45 ya riga ya ga Baruk da rai kusan shekara 20 bayan alkawarin. Ku karanta 36, sai 45, sai 43:1-7. Minti 40 ya isa.