Neman shawara: a littafin Turancin ɗana, kowane Musa maigadi ne

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Legas muke zaune, ɗana yana aji huɗu na firamare a wata makarantar kuɗi. A littafinsu na Turanci, duk inda Musa ko Audu ya fito, to maigadi ne ko mai tura kurar ruwa. Likita da lauya kuwa duk sunayen Kudu ne. Bafulatani sau ɗaya ya fito, da sanda a kafaɗa yana bin shanu. Yanzu 'yan ajinsu sun laƙaba masa "aboki maigadi", har ya daina yarda ya sa hula. In je in sami shugabar makarantar, ko in yi shiru kada a tsangwame shi?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki je, amma ba ke kaɗai ba. Ki ɗauki hoton shafukan, ki nemi wasu iyayen, ku kai maganar taron iyaye da malamai. Manyan kamfanonin buga littattafan makaranta da yawa a Ibadan suke, marubuci kuma abin da ya saba gani a ƙofar gidansa yake rubutawa. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ke tsara manhaja, amma makarantar ce ta zaɓi wannan littafin, tana iya sauya shi a sabuwar shekarar karatu.

Baban Ummi:
To ai gadi ba abin kunya ba ne, da shi mahaifina ya ciyar da mu.

Maman Khalifa:
Allah ya saka masa da alheri, yaya. Ba gadin na raina ba. Damuwata a ce shi kaɗai ne aikin Musa daga bango zuwa bango.

Anti Ladidi:
Kafin mu zargi wasu, mu duba namu. Sau nawa malamin Hausa ya kawo labarin da Bagwari ko Bamaguje ne wawan ciki, aji ya tuntsire da dariya, alhali ɗansu na zaune a benci? Mace kuma kullum tana gindin murhu, a littafin Kudu da na Arewa.

Malama Hauwa:
Maganar tsokanar ita ce ta gaggawa, gobe ki sami malamar ajin tun kafin batun littafi. A gida kuma ki ba shi labarin Nana Asma'u, da Alhassan Ɗantata wanda kasuwancin goro ya kai shi har Kumasi. Ki roƙi malamar, idan za ta ba da aikin gina jimla, ta riƙa cakuɗa sunaye da sana'o'i. Wannan ba sai an jira sabon bugu ba.